Ƙarami da Bututun da Aka Hana Rawa

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni a waya. Kunnena ya yi nauyi, sai da ta maimaita kafin na ji: "Baba Tsoho, Baba ya cika." Na ce daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Bakina ya faɗa, amma zuciyata ta daɗe ba ta bi bakin ba. Na zauna a bakin gado ina kallon kujerar robar nan da kake zama a kanta duk ranar Lahadi. Ni ne na tsufa, ni ne likita ya gaji da gani, ni ne ya kamata a ce ka tsaya a kan kabarina. Sai ga shi ni ke riƙe da alƙalami, kai kana kwance.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne tsohon injiniyan gidan sanyi, inda ake ajiye kifi da nama, ake kuma yin ƙanƙara. Kai kuma ka zo mana kana saurayi, da takardar makarantar koyon sana'a a aljihu, wandonka bai kai idon sawu ba. Da muka zama injiniyoyi biyu a gida ɗaya, sai ma'aikata suka raba mu da suna, ni Babba, kai Ƙarami. Na bar aiki, ka gaje ni, ka yi furfura, ka aurar da 'ya'ya, ka ga jikoki, amma sunan bai sake ka ba. Ko a wurin jana'izarka na ji wani dattijo yana tambaya, "Ƙarami ne ya rasu?"

Da so samu ne, da yabo kawai zan rubuta in ajiye alƙalami. Amma akwai maganar da ke yawo tun kana kwance a asibiti, cewa wai waldarka ce ta saki, iskar amoniya mai guba da ake sanyaya gidan da ita ta fita, ta kama huhunka. Wato aikin hannunka ne ya ci ka. Maganar ta shiga kasuwa, ta shiga gidan makoki, har wata mata ta faɗa a kunnen mai ɗakinka tana tsammanin ta'aziyya take yi. Wannan magana ita ta hana ni barci, kuma dominta nake wannan rubutu.

Bari in fara da yaron da na sani. A watanka na farko na aike ka ka canja wani guntun bututu a ɗakin injuna. Ka dawo kana murmushi, ka ce an gama. Na je na duba, sai na ga ka sa bututun jan ƙarfe, ka lanƙwasa shi da kyau, yana ƙyalli. Na ce, "Ƙarami, ka ba kura jiran akuya." Ba ka gane ba. Na zaunar da kai na gaya maka cewa jan ƙarfe na firjin gida ne, amma amoniya cin sa take yi, shi ya sa a gida irin namu baƙin ƙarfe kaɗai ake sawa. Ba ka yi musu ba, ba ka kuma ɓoye kunyarka ba. Ka cire shi, ka rataye a ƙusa a bangon wurin gyara, kuma yana nan har yau. Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, kafin ka nuna masa komai sai ka kai shi gaban ƙusar nan ka ce, "Ga takardar shaidata ta farko. Kai ma za ka samu taka, ka dai roƙi Allah kada ta zo da gawa."

Ba na jin na taɓa ganin wanda ke sauraren bututu kamar kai. Mutane suna ɗauka ƙarfe abu ne da ba ya gajiya, ba ya ciwo. Mu da muka yi rayuwa a cikinsa mun san ba haka ba ne. Bututun da ke ɗauke da sanyi ana naɗe shi da soso mai kauri, muna ce masa riga. Idan rigar ta yage ko da kaɗan ne, danshi zai shiga, ya daskare, ya narke, ya sake daskarewa, tsatsa kuma tana cin ƙarfen a ɓoye alhali daga waje komai tsaf. Kullum da safe kana bin layin bututun kana danna rigar da babban yatsa. Wata rana ka tsaya a wani wuri da kowa ke wucewa, ka ce a kawo wuƙa. Mai kula da sito ya ce, "Yanzu wannan sabuwar rigar za ka yaga?" Ka ce, "Tana zufa." Da ka yaga, ƙarfen da ke ciki ya zama kamar ɓawon ƙwai. Ba ka yi wa kowa gori ba. Cewa kawai ka yi, "Tsatsa ba ta sallama in za ta shiga gida."

Haka kake da bawul, wato abin da ake juyawa a buɗe bututu ko a rufe shi. Idan ruwan amoniya ya taru a bututu aka buɗe masa hanya da gaggawa, yakan taho da gudu ya daki kwana, ka ji kamar an buga guduma a ciki, kuma duka ɗaya irin wannan ya isa ya tsaga ƙarfe. Kana gaya wa yaranka su buɗe bawul kamar mai buɗe ƙofar ɗakin mara lafiya. Na sha ganin ka ɗora hannunka a kan hannun sabon ma'aikaci kuna juyawa tare, a hankali, har hannunsa ya koyi abin da kunnensa bai kama ba.

Amma darasin da ka fi so shi ne na rawa. Injuna uku ne a ɗakin, kana ce musu tsofaffina. Kowanne idan yana aiki yana girgiza, kuma daga jikin kowanne akwai wani siririn bututu da ya fita, ya yi lanƙwasa mai faɗi kafin ya isa bango. Bututun nan kullum cikin rawa suke, ana gani da ido. Baƙo in ya shigo yakan ce, wannan ai ya kusa faɗuwa. Sai ka ɗauko waya ka ba shi, ka ce ya riƙe ta da nisa ya kaɗa. Ba abin da zai same ta. Sannan ka ce ya matse ta da filaya a wuri ɗaya ya ci gaba da kaɗawa. Kafin ya gaji ta karye, daidai bakin filayar. Sai ka ce, "Ka gani? Girgiza ba ta kashe bututu in tana da wurin zuwa. Wanda aka hana rawa shi ke karyewa." Ni na koya maka wannan, amma ka fi ni iya faɗarsa.

Bayan rasuwar mai ɗakina, 'ya'yana kuma kowa yana can inda abinci ya kai shi, gidan nan ya yi mini faɗi. Abokan zamanina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Kai kaɗai ne ba ka yanke ƙafa ba. Duk Lahadi da yamma sai in ji tsayuwar babur ɗinka, ka shigo da dunƙulen ƙanƙara a cikin buhu, ka fasa ka zuba mini a kula, saboda ka san wuta ba ta zama kuma ba na iya shan ruwan ɗumi. Ka karanta mini rubutun jikin kwalaben magani. Da bayana ya ƙi lanƙwasuwa, kai kake durƙusawa ka yanke mini farcen ƙafa, kai da kake da ma'aikata a ƙarƙashinka. In na ce ka bari, sai ka ce, "Babba, gyaran shekara ne, tsohon inji ba ya gardama." Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Yau na faɗa, don a san wanda aka rasa.

Kuma a kan kujerar nan ka gaya mini abin da ya zama ajalinka, kana dariya.

A farkon zafin bana aka yi maka aikin ido, aka cire maka yana, ka yi kwanaki a gida. Ma'aikatanka, da Dogo a gaba, wanda shi ne mataimakinka kuma ya fi shekara ashirin yana aiki a ƙarƙashinka, suka ce za su yi maka abin farin ciki. Suka ba da ranar hutunsu, suka wanke ɗakin injuna, suka shafe bango, suka yi wa bututu fenti. Da suka zo kan siraran bututun nan masu rawa, fenti ya ƙi zama da kyau, kuma a idonsu rawar ta ɓata tsarin ɗakin. Sai suka samo maɗaurin ƙarfe, suka ɗaure kowanne a jikin ginshiƙi da noti, dab da inji, suka matse tamau. Duk sun sha jin darasin waya da filaya. Amma mutum in yana cikin zumuɗin kyauta, abin da ya sani yakan koma bayan ƙeya.

Ka zo mini Lahadin da ta biyo baya da baƙin tabarau a fuska. Ka ce, "Babba, yaran nan sun ɗaure mini tsofaffina."

Na ce, "Wane irin ɗauri?"

Ka ce, "Da ƙarfe da noti. Sun mulke su da koren fenti. Wai in buɗe sabon ido in ga ɗaki kamar na amarya."

Na ce, "Gobe da safe ka kwance su."

Ka ce, "Haba Babba. Da ka ga fuskar Dogo lokacin da yake zagayawa da ni, kamar yaron da ya zo na ɗaya a aji. In kwance a gabansu washegari? Bari zafi ya wuce, sito ya ragu, mu kashe injuna don gyaran shekara. Sai in cire su a hankali, ba wanda zai ji kunya."

Na ce, "Ƙarami, ƙarfe bai san kara ba."

Ka yi dariya har tabarau ya zame, ka ce, "Wannan ƙarfen ya san ni."

Bai san ka ba. Zafi ya tsananta, sito ya cika, injuna suka yi ta aiki ba hutu. Wata ranar Alhamis da rana tsaka bututun inji na farko ya tsage. Waɗanda ke wurin sun ce farin hayaƙi ya cika ɗakin kafin mutum ya ƙifta ido. Ka kora kowa waje, ka sa abin rufe fuska ka koma ciki don ka rufe babban bawul, domin bayan bangon nan akwai mata masu gyaran kifi, bayan su kuma akwai gidajen mutane. Ka rufe. A wajen fitowa ka yi tuntuɓe, abin fuskar ya goce. Duk da haka da ƙafarka ka fito, ka ce musu, "An rufe," sannan ka zauna a ƙasa. Ba ka sake yin wata doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ina fushi da kai, Ƙarami. Na san ba a faɗin haka a ta'aziyya, amma ba ka taɓa sanina da ɓoye maka magana ba. Kai da ka yaga sabuwar riga saboda ɗigon danshi, kai da ka rataye kuskurenka a ƙusa don kowa ya gani, ka kasa ɓata wa mutum biyar rai na yini ɗaya. Halin da ya sa muke son ka, shi ne ya raba mu da kai. Na juya wannan magana ta kowace fuska, ban sami inda zan ajiye ta ba.

Tsagar ta fito kusa da wani haɗi da ka yi wa walda shekarun baya. Shi ke nan, kowa ya ce walda ce. Aka yanke guntun, aka sa sabo, aiki ya ci gaba. Ni ina gida ban san an yi haka ba, sai bayan an share makoki da babbar 'yarka ta zo mini da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ta durƙusa ta ajiye a gabana. Ta ce, "Baba Tsoho, na roƙi Kawu Dogo ya ba ni. Umma ba ta cin abinci. Ƙanena ya daina fita saboda abin da ake faɗa. Ka duba mini, don Allah, kada ka rarrashe ni. Aikin Baba ne ya kashe shi?"

Na ce ta matsar da ni bakin taga, ta miƙo mini gilashin da nake karatu da shi. Karyayyen ƙarfe yana ba da labarin yadda ya karye, ga wanda ya koyi karanta shi. Waldarka tana nan lafiya lau, zagaye, ko ƙwarzane babu. Tsagar tana gefe, tazarar yatsa biyu, kuma dab da ita ga sawun maɗauri, inda ya goge fenti ya ci ƙarfen har yana ƙyalli. Fuskar karayar sumul take, da layi-layi kamar wanda ruwa ke bari a yashin bakin rafi. Wannan alamar gajiya ce: tsaga ta fara ƙarama, kowace girgiza ta ƙara mata kaɗan, har abin da ya rage ya kasa riƙewa ya yage gaba ɗaya.

Na ce mata, "Waldar ubanki ba ta saki ba. Je ki gaya wa uwarki ni na faɗa."

Ta rufe fuska ta yi kuka. Da ta natsu sai ta ce, "To mene ne?"

A nan na tsaya. In na faɗa, na wanke ka, amma na ɗora dutse a kan mutanen da ka mutu kana kare fuskarsu. In na yi shiru, na bar sunanka a bakin 'yan kasuwa. Ina cikin wannan sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Da kika je karɓo wannan, kin shiga ɗakin injuna? Bututun suna rawa?" Ta ce ita ba ta ga abin da ke motsi ba, komai a ɗaure yake tsaf.

Na ce ta nemo mota.

Rabona da gidan sanyi an daɗe. Matakalar ƙofar ta gagare ni, sai a kan kujera ma'aikata suka ɗauke ni suka shigar da ni. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai, ban ga laifin idon da ya so shi haka ba. Ga tsofaffinka uku suna ruri, ga siraran bututu uku a ɗaure, har da sabon da aka sa a inji na farko, an mayar masa da maɗaurinsa yadda aka same shi. Mutum huɗu suna aiki a ciki. Bayan bango ina jin hirar matan nan masu gyaran kifi.

Na ce a kashe inji na biyu, a janye iskar da ke layinsa. Mai kula da sito ya ce, "Babba, kifin mutane fa? Ka ga zafin da ake yi." Dogo ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "A kashe." Da aka gama na ce a ba ni sifana. Na ɗora ta a kan notin maɗaurin, na ja, hannuna ya ƙi. Na sake ja, sifanar ta faɗi. Dogo ya sunkuya ya ɗauka, ya kwance da kansa. Na ce ya kankare fentin wurin, ya shafa kananzir, ya goge, ya barbaɗa garin alli, irin gwajin da muke yi tun kafin a kawo na'urori. Muka jira. Sannu a hankali wani siririn layi ya fito a cikin farin allin, baƙi, kamar gashi ɗaya, ya kusa kai rabin zagayen bututun.

Dogo ya daɗe yana kallon layin, sannan ya kalli maɗaurin da ke hannunsa. Ban gaya masa komai ba, darasin waya da filaya ne ya dawo masa da kansa. Ya ce, "Babba, ya sani?"

Na ce, "Ya sani."

Ya ce, "To me ya sa bai faɗa ba? Ya zage mu mana! Ya kore mu!"

'Yarka ce ta ce, "Kawu Dogo, ka taɓa jin Baba ya ce wa wani kyautarsa ba ta yi ba?"

Dogo ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, ya kifa kai a gwiwa. A ranar aka kashe injunan ɗaya bayan ɗaya, aka cire maɗauran, aka canja bututun. An yi asarar kifi kaɗan. Kafin a fito da ni na ga inji na farko ya tashi, siririn bututunsa yana rawa kamar da. Maɗauran uku kuma Dogo ya rataye su a ƙusa, kusa da jan ƙarfenka.

Ban sani ba ko ka yafe mini. Abin da ka rufe da ranka, ni na buɗe shi da rana tsaka a gaban kowa. Da yamma Dogo ya je gidanka ya durƙusa gaban mai ɗakinka ya faɗa mata da bakinsa, kuma shi ya ce in rubuta wannan yadda ya faru, kada in sassauta, ko wani a wani gidan sanyi zai karanta ya je ya duba nasa bututun. An ce da ya gama, ta ce a kawo masa ruwa. Amma na ga idon mutumin nan, kuma na san abin da na ɗora masa ba zai sauka da wuri ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, kamar yadda ya daina cewa waldar Ƙarami ce, kada ya koma cewa Dogo ne. Ƙauna ce ta ɗaura, kara ta hana kwancewa, kwana kuma ya ƙare.

Da za a sa ni a mota, Dogo ya riƙe ƙofar, ya ce, "Babba, wace rana yake zuwa wurinka?" Na ce Lahadi. Ya rufe mini ƙofar. Ban sani ba ko zai zo. Na dai sa an goge kujerar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙuri da warin amoniya a tufafinka tsawon zamanku, ga babbar 'yarka da ta fi mu duka ƙarfin zuciya, ga ƙannenta da jikokinka, ga 'yan'uwanka, da kuma ma'aikatan ɗakin injuna, waɗanda su ma marayu ne yau. Ɗanka kuma ina ce masa ya fita ya ɗaga kai, ubansa bai yi aikin ha'inci ba ko sau ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi rashin girma. Allah ya sauke wa Dogo da abokan aikinsa nauyin da ke ƙirjinsu.

Kai kuma Ƙarami, Allah ya gafarta maka, ya karɓi komawar da ka yi cikin hayaƙin nan a matsayin shahada, ya sa rayukan da ke bayan bango su zama hujja gare ka ranar da ba wani mai ceto sai Shi. Ka yi rayuwarka kana sanyaya wa mutane abincinsu, ka sanyaya wa tsoho ruwansa da zuciyarsa. Allah ya sanyaya makwancinka, ya yalwata shi, ya haskaka shi. Idan tamu ta zo, kuma ba ta da nisa, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa Babba da Ƙarami a inuwa ɗaya. Amin.